Kundin Aiki: Tarihin Ƙungiyar Sex Pistols, 1975 zuwa 1978

11 ga Janairu, 2025

Yau muka tsayar da shawara, ni da abokin aikina mai haɗa sauti, cewa shirin da za mu naɗa a kan kiɗan pank na Birtaniya, salon kiɗan jita mai tsauri da bore na matasa, zai tsaya ne a kan ƙungiya guda, wato Sex Pistols, kuma za mu raba shi kashi shida. Ƙungiyar ta fara hawa dandamali ranar 6 ga Nuwamba, 1975, a makarantar koyon zane ta Saint Martin's da ke Landan, ta kuma yi wasanta na ƙarshe kafin ta watse ranar 14 ga Janairu, 1978, a birnin San Francisco na Amurka, wanda ke nufin rayuwarta ta farko ba ta wuce shekara biyu da wata biyu da 'yan kwanaki ba. A cikin wannan ɗan lokaci ta fitar da ƙananan fayafayai huɗu da babban kundin waƙoƙi ɗaya, ta sa hannu a kwantiragi da kamfanonin faifai uku a Ingila, biyu daga cikinsu suka sallame ta. Tarihi mai gajarta haka ana iya bin sa wata-wata ba tare da an tsallake komai ba, kuma tun da bana ake cika shekara 50 da wasan farko, muna so shirin ya fita kafin watan Nuwamba.

Wahalar da ke gabana ita ce labarin yana da iyaye biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna. Manajan ƙungiyar, Malcolm McLaren, ya shafe sauran rayuwarsa yana cewa shi ya ƙirƙiri yaran daga babu domin ya damfari kamfanonin faifai, kuma a kan wannan da'awar aka gina fim ɗin The Great Rock 'n' Roll Swindle na 1980. Mawaƙin ƙungiyar kuwa, John Lydon, cewa yake yi McLaren bai tsinana komai ba sai cin guminsu. Hanyar da na zaɓa ita ce in riƙa ajiye kowace magana kusa da kwanan watan da abin ya faru, in ga wadda ta tsaya da ƙafarta.

Kashi na farko zai buɗe da halin da ƙasar take ciki, domin mai sauraro ya gane inda fushin ya fito. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin ɗari, marasa aikin yi sun wuce miliyan ɗaya, kuma a ƙarshen 1976 gwamnatin James Callaghan ta nemi rancen dala biliyan 3.9 daga asusun IMF. Yaron da ya gama makaranta a wannan lokaci layin karɓar tallafin marasa aiki ne ke jiran sa, yayin da manyan mawaƙan ƙasar suke wasa a filayen ƙwallo, wasunsu ma sun ƙaura ƙasashen waje gudun haraji.

25 ga Janairu

Na je lamba 430 a titin King's Road da ke unguwar Chelsea. Shagon yana nan har yau da sunan Worlds End, can ƙarshen titin inda manyan kantuna suka yanke, kuma ƙanƙane ne ƙwarai, har mutum zai iya wuce shi bai lura ba in ba don wani ƙaton agogo da ke saman ƙofarsa ba, mai lamba goma sha uku, hannuwansa suna gudu da baya. Agogon ya zo ne bayan ƙungiyar ta watse, saboda haka ba zai shiga labarin 1975 ba, amma na naɗi ƙarar motocin bas da ke wucewa a gaban shagon domin buɗe kashi na biyu.

McLaren da Vivienne Westwood sun riƙe wannan shago tun 1971, suna canja masa suna da kaya duk bayan ɗan lokaci, kuma a 1974 suka sa masa suna SEX, suna sayar da tufafin da aka ɗinka musamman domin su tayar wa mutane da hankali. Steve Jones da Paul Cook, abokai ne tun suna makaranta a yammacin Landan, suna cikin samarin da ke zaman kashe wando a wurin. Sun riga sun kafa ƙungiyarsu tun kafin McLaren ya waiwaye su, kuma Jones da bakinsa ya sha faɗar cewa yawancin kayan kiɗan da suka fara da su sato su ya yi, har da waɗanda ya kwashe daga dandamalin David Bowie a Hammersmith Odeon a 1973. Cook kuwa yana koyon aikin lantarki a wani kamfanin giya, kuma bai yi saurin barin aikin ba. Glen Matlock, ɗalibin zane ne da ke tsaron shagon ranar Asabar, shi ne ya karɓi jita mai kaurin amo, kuma shi ne ya fi su sanin yadda ake gina waƙa daga tushe.

Lydon ya shigo ne a watan Agusta na 1975, yana ɗan shekara 19. Ɗan wasu 'yan ƙasar Ayalan ne da suka yi ƙaura suka zauna a arewacin Landan, wanda sanƙarau ya kwantar yana yaro. An hango shi a titi da gashi rinanne kore, sanye da rigar ƙungiyar Pink Floyd wadda ya rubuta wa kalmomin ƙiyayya da hannunsa, aka gwada shi a cikin shagon yana bin wata waƙar Alice Cooper daga injin kiɗan da ake jefa wa tsaba. Bai iya waƙa ba a ma'anar da aka saba, amma yana da kallo da murya da baki, kuma Jones ne ya laƙaba masa Johnny Rotten saboda lalacewar haƙoransa.

Abin da na rubuta a ƙarshen wannan kashi shi ne, McLaren ya ba da suna, ya ba da tufafi, ya kama musu ɗakin atisaye a bayan lamba 6 a titin Denmark Street, ya kuma san yadda ake jan hankalin 'yan jarida. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk wanda ya share shi daga labarin ya yi zalunci. Amma uku daga cikin huɗun suna kiɗa tare tun kafin ya sa baki sosai, kuma sunansa bai fito a jerin marubutan waƙa ko ɗaya ta cikin kundinsu ba. Ɗakin na Denmark Street, inda Lydon ya zazzana hotunan barkwanci a bango, hukumomin Ingila sun sa shi cikin gine-ginen tarihi da aka haramta rushewa a 2016.

3 ga Fabrairu

Ba za mu sa waƙoƙin a cikin shirin ba, domin suna da masu haƙƙin mallaka kuma ba mu da kuɗin lasisi. Dole in bayyana kiɗan da baki. Abin da zan gaya wa mai sauraro shi ne, kayan kiɗa uku ne kawai da murya ɗaya, waƙa ba ta cika wuce minti uku da rabi ba, jitar Jones kauri gare ta kamar an jera jita da yawa a lokaci guda, ganguna ba sa ado, kuma saurin bai kai yadda mutane ke zato ba, domin ƙungiyar Ramones ta Amurka, wadda ta fitar da kundinta na farko a Afrilun 1976, ta fi su gudu nesa. Abin da ya bambanta su shi ne muryar Lydon, wadda take tsakanin izgili da ihu, yana jan ƙarshen kalma yana murɗe ta kamar mai tsokanar faɗa.

15 ga Fabrairu

Mancesta. Ginin Free Trade Hall da ke titin Peter Street ya zama otal, fuskarsa ta dutse ce kawai ta rage yadda take. A wani ƙaramin zaure na saman wannan gini ne ƙungiyar ta yi wasa ranar 4 ga Yuni, 1976, kuma a ganina wannan dare ya fi duk wani abin kunya da ya biyo baya nauyi a tarihinta.

Wasu ɗalibai biyu na kwalejin fasaha ta Bolton, Howard Devoto da Pete Shelley, sun karanta labarin ƙungiyar a jaridar kiɗa ta NME a watan Fabrairu, suka ari mota suka gangara kudu suka kalle ta a High Wycombe, suka dawo da niyyar kafa tasu ƙungiyar da kuma gayyato waɗannan garinsu. Mutanen da suka halarci wasan ba su fi arba'in ba. A cikinsu akwai Peter Hook da Bernard Sumner, waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division, kuma Hook ya sha faɗar cewa washegari ya je ya sayi jita bai taɓa kaɗa ta ba. Akwai kuma Morrissey, wanda daga baya ya zama mawaƙin The Smiths. An sake wasa na biyu a zauren ranar 20 ga Yuli, jama'a sun fi yawa, kuma a nan ne Devoto da Shelley suka fara hawa dandamali da sunan Buzzcocks. Tony Wilson na gidan talabijin na Granada ya sa su a shirinsa a watan Satumba, karo na farko ke nan da aka gan su a talabijin.

Wani dattijo da na zauna kusa da shi a gidan shayi, da ya ga takarduna, ya ce da ni shi ma yana cikin zauren a daren. Na rubuta abin da ya faɗa amma ba zan yi amfani da shi ba, domin mutanen garin da kansu suna raha cewa da duk masu wannan da'awar sun halarta, da filin ƙwallo ma bai ɗauke su ba.

Abin da ya sa wannan dare ya yi tasiri ba gwaninta ba ce. Yaran da ke kallo sun ga sa'o'insu, masu magana irin tasu, a tsaye a gabansu da kayan kiɗa, suka gane cewa ba sai mutum ya yi shekara goma yana koyo ba kafin ya hau dandamali. Haka ya faru a Landan da Joe Strummer, wanda ya kalle su a Afrilun 1976 sa'ad da suka buɗe wa ƙungiyarsa wasa, ba da daɗewa ba ya bar ta ya shiga The Clash. A wannan shekara ta 1976 Sex Pistols ƙungiyar aiki ce, tana yawo a mota daga kwaleji zuwa mashaya, daga gari zuwa gari, kuma kusan duk waƙoƙin da aka san ta da su a lokacin aka tsara su. Har cikin faifai ma ba su ne na farko ba, ƙungiyar The Damned ta riga su da wata guda a Oktoban shekarar.

27 ga Fabrairu

Na shafe wannan makon ina karanta jaridun watan Disamba na 1976 a ɗakin karatu. Kamfanin EMI ya sa hannu da su ranar 8 ga Oktoba a kan fam 40,000, faifansu na farko, Anarchy in the U.K., ya fito ranar 26 ga Nuwamba, kuma yana hawa a hankali kamar na kowace sabuwar ƙungiya. Ranar 1 ga Disamba ƙungiyar Queen ta fasa zuwa wani shirin yamma na gidan talabijin na Thames mai suna Today, sai EMI ta tura waɗannan su cike gurbi. Shirin kai tsaye ake yin sa, a lokacin da iyalai ke cin abincin yamma, kuma yankin Landan kawai yake kamawa. Mai gabatarwa, Bill Grundy, ya karɓe su da raini, ya yi wa wata yarinya daga cikin mabiyansu, Siouxsie Sioux, magana irin ta neman mata, sannan ya zuga su da su faɗi wani abu mai muni kafin lokaci ya ƙare. Jones ya auna masa ashar, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Duka hirar 'yan mintoci ce.

Washegari jaridun ƙasar suka cika da su. Daily Mirror ta ba su shafin farko, har da labarin wani direban babbar mota da aka ce ya harbi akwatin talabijin ɗinsa da ƙafa don takaici. An dakatar da Grundy na mako biyu, ma'aikatan da ke shirya fayafayai a masana'antar EMI da ke Hayes suka ƙi taɓa nasu, rangadin da aka tsara tare da The Clash da The Damned da Heartbreakers ya wargaje, domin daga cikin wasanni kusan ashirin bakwai ne kawai aka yi. A Derby 'yan majalisar gari sun ce sai an yi musu wasa a keɓe sun tantance, ƙungiyar ta ƙi. A Caerphilly da ke Wales mabiya coci sun taru a wajen zauren suna waƙoƙin Kirsimeti domin nuna ƙin amincewa. A farkon Janairun 1977 EMI ta sallame su, ta bar musu kuɗin.

Na karanta wa malamin da ke duba mana Hausar rubutun wannan sashe ta waya. Dattijo ne da ya daɗe a aikin rediyo kafin ya yi ritaya. Da na zo wurin zagin sai ya tsayar da ni, ya ce, "Kai yaro, wannan ba za ta shiga kunnen jama'a ta bakinka ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ce ta jawo komai." Ya ce, "To, faɗi abin da ta jawo. Wanda ya ji an ce an yi ashar a talabijin ana cin abinci, ya riga ya ji ta." Haka muka bar shi.

Wannan dare shi ne tsakiyar shirin, kuma a nan ne ra'ayina ya zauna. Kafin 1 ga Disamba ƙungiyar tana samun suna ne da wasa, bayan wannan rana kuma ta koma samun suna da kuɗi ta hanyar hana ta wasa. McLaren, wanda Jones ya ce ya firgita a daren, ya fahimci haka cikin 'yan kwanaki, kuma daga nan duk shawarar da ya yanke ta karkata ga abin da zai cika jarida, ko da zai rage kiɗa. Daga baya ne ya dawo yana cewa shi ya tsara hakan tun farko.

5 ga Afrilu

Aiki ya tsaya a watan azumi, yanzu na dawo kan kashi na huɗu, wanda ya ƙunshi Fabrairu zuwa Yuni na 1977.

A watan Fabrairu Matlock ya bar ƙungiyar bayan doguwar rashin jituwa da Lydon. McLaren ya aika wa NME talgiram yana cewa an kore shi ne saboda yana son ƙungiyar Beatles, magana mai daɗin bugawa wadda Matlock ya musanta. Aka maye gurbinsa da abokin Lydon, John Ritchie, wanda duniya ta sani da Sid Vicious. Yana da siffa da tsayi da rashin tsoro, amma bai iya kaɗa jitar da aka ba shi ba, kuma tarihinsa tun kafin ya shigo ya haɗa da dukan ɗan jarida Nick Kent da sarƙar keke, da kuma kama shi bisa jifa da kofin gilashi a gidan rawa na 100 Club da ke Landan a Satumban 1976, abin da ya lalata wa wata yarinya ido. Shi da wasu mabiya ƙungiyar suna yawo da tambarin 'yan Nazi a jikinsu da sunan tsokanar iyaye, a daidai lokacin da jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi take maci a unguwannin baƙi. Ba zan wanke wannan a shirin ba. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna tsadar musayar: daga cikin waƙoƙi 12 na kundinsu, 10 suna ɗauke da sunan Matlock, biyu ne kawai aka kammala bayan tafiyarsa.

Ranar 10 ga Maris suka yi bikin sa hannu da kamfanin faifai na A&M a kan wani teburi da aka kafa a gaban fadar Buckingham. Ranar 16 ga wata kamfanin ya soke kwantiragin bayan ɓarnar da suka yi a ofishinsa da wani faɗa a gidan rawa, aka lalata kusan duk kwafi 25,000 da aka riga aka buga na faifansu na biyu, God Save the Queen, su kuma suka tafi da fam 75,000. Abokin aikina ya so mu kwatanta su da Fela Kuti a nan, tun da ranar 18 ga Fabrairun wannan shekara ce sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas. Na ƙi. Fela ya rasa gida da kayan aiki, aka wurgo mahaifiyarsa ta taga, waɗannan kuwa takardar banki ake ba su su tafi.

Kamfanin Virgin na Richard Branson ya ɗauke su a watan Mayu, kuma God Save the Queen, wadda ta ari sunan taken ƙasar Birtaniya, ta fito ranar 27 ga wata, ana dab da bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga. Ga mai sauraronmu, abin ya yi kama da mawaƙi ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan sallah ya yi wa sarki zambo da taken sarkin. Jamie Reid ya yi hoton bangon, fuskar Sarauniya an rufe mata ido da baki da haruffan da aka yayyanko daga jarida. BBC ta haramta waƙar, gidajen rediyo masu zaman kansu ma haka, manyan kantuna irin su Woolworths da Boots da WH Smith suka ƙi sayar da ita. Duk da haka ta kai ta biyu a jerin ciniki na hukuma, a bayan Rod Stewart, ta kuma zo ta ɗaya a jerin NME, abin da ya sa har yau ake zargin an yi coge. Zan faɗi zargin a matsayin zargi.

Ranar 7 ga Yuni suka yi hayar jirgin ruwa suka yi wasa a kan kogin Thames, suna wucewa ta gaban majalisar dokoki. 'Yan sanda suka tare jirgin a mashiga, aka kama McLaren da Westwood da wasu. Kafin watan ya ƙare wasu mutane sun far wa Lydon da wuƙa a wajen wata mashaya suka yanke masa jijiyoyin hannu, an kuma sassari Cook a kusa da tashar jirgin ƙasa. Manaja ya samu hotunan da yake so, yaran kuwa ba sa iya tafiya a titin garinsu, kuma da suka so yin wasa a Ingila a watan Agusta sai da suka ɓoye a bayan sunayen ƙarya.

12 ga Afrilu

Kashi na biyar ya yi sauƙin rubutu. Kundin Never Mind the Bollocks ya fito a ƙarshen Oktoban 1977, Chris Thomas da Bill Price ne suka haɗa shi a situdiyon Wessex, kuma ya hau mataki na ɗaya. Jones ne ya kaɗa kusan duk sashen da ya kamata Vicious ya kaɗa, wanda ya yi wani lokacin naɗin a asibiti da ciwon hanta. Wanda ya saurari kundin da kyau zai ji aikin haƙuri, an ɗora jita a kan jita sau da yawa, abin da ya saɓa wa tatsuniyar cewa ba su iya komai ba. An gurfanar da manajan wani shagon Virgin a Nottingham saboda ya baje bangon kundin a taga, alhali ana ɗaukar kalmar ƙarshe ta sunansa a matsayin batsa, lauya John Mortimer ya kare shi, ya kawo farfesan Turanci James Kinsley a matsayin shaida, kuma ranar 24 ga Nuwamba kotu ta sallame shi.

3 ga Mayu

Wasansu na ƙarshe a Ingila kafin su watse shi ne wanda ba a cika ambata ba, kuma zan ba shi fili. Ranar Kirsimeti ta 1977 suka je Huddersfield, wani zaure da ake kira Ivanhoe's, suka yi wasan rana kyauta ga 'ya'yan ma'aikatan kashe gobara, waɗanda ke yajin aikinsu na farko na ƙasa baki ɗaya tun tsakiyar Nuwamba kuma ba sa karɓar albashi. Hoton bidiyon yana nan: Lydon yana raba kek, yara suna shafa masa shi a ka, yana dariya. Da dare suka yi wa manya wasa. Na kalli wannan bidiyo kusa da na San Francisco, tsakaninsu kwana ashirin ne kacal, amma sai ka rantse ba mutane ɗaya ba ne.

Rangadin Amurka ya samu jinkiri saboda an yi jan ƙafa wajen ba su biza bisa laifuffukan da ke kansu. McLaren ya kauce wa biranen da ke da masoyansu ya zaɓi kudancin ƙasar, inda ya san za a yi rigima: Atlanta ranar 5 ga Janairu, sannan Memphis, San Antonio, Baton Rouge, Dallas da Tulsa. An jefe su da gwangwani da kwalabe, a San Antonio Vicious ya maka wa wani ɗan kallo jitarsa. A lokacin ƙwayar heroin ta riga ta kama shi, an raba shi da budurwarsa Nancy Spungen domin tafiyar, yana neman ƙwaya a kowane gari, yana yanka ƙirjinsa a gaban jama'a. Jones da Cook suka gaji suka koma bin jirgin sama da McLaren, suka bar Lydon da Vicious a motar bas tare da masu gadin da Warner, kamfanin faifansu na Amurka, ya ɗauko.

A zauren Winterland da ke San Francisco, gaban mutane wajen dubu biyar, taro mafi girma da suka taɓa yi wa wasa zuwa lokacin, suka rufe da waƙa guda ta ƙungiyar Stooges. Lydon ya durƙusa a bakin dandamali, ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin cewa an cuce su, ya yar da makirufo ya fita. Cikin 'yan kwanaki aka sanar da watsewar ƙungiyar. An bar Lydon a Amurka ba kuɗi, Jones da Cook kuma suka wuce Barazil domin su yi naɗi da Ronnie Biggs, ɗan fashin jirgin ƙasa da ya tsere daga kurkukun Ingila, wata dabarar McLaren ce domin fim ɗinsa.

17 ga Mayu

Kashi na shida shi ne abin da ya biyo baya, kuma ba na so ya yi tsawo. An tsinci gawar Nancy Spungen ranar 12 ga Oktoba, 1978, a otal ɗin Chelsea da ke birnin New York, da rauni na wuƙa, tana da shekara 20. An tuhumi Vicious da kisanta, aka ba da belinsa, aka sake kama shi bisa wani duka, ya fito daga kurkukun Rikers ranar 1 ga Fabrairu, 1979, washegari ya mutu sakamakon ƙwaya, yana da shekara 21, ba a kai ga shari'ar ba. Masu sayar da riguna sun mayar da shi gwarzo, shirinmu ba zai bi su ba, kuma sunan yarinyar zai fito a matsayin wadda aka kashe.

Lydon ya koma sunansa na yanka, ya kafa Public Image Ltd a 1978, ya kuma maka McLaren a kotu a kan kuɗi da haƙƙin waƙoƙi. Sai a Janairun 1986 aka kammala, McLaren ya saki komai, aka raba kimanin fam miliyan ɗaya tsakanin Lydon da Jones da Cook da mahaifiyar Vicious. Huɗun farko, har da Matlock, sun sake haɗuwa a 1996 a rangadin da suka faɗa a fili cewa na kuɗi ne, amma ba su ƙara fitar da kundin sabbin waƙoƙi ba, saboda haka shirin zai ambaci wannan a jimla biyu ya wuce. McLaren ya rasu a 2010, Westwood a 2022, Jamie Reid a 2023.

Rubutun kashi biyar na farko ya kammala, malam ya duba uku daga ciki ya dawo da gyara. Saura in rage kashi na huɗu, wanda ya zarce lokacinsa da yawa, kuma ina ganin labarin A&M ne zai sha almakashi. Abokin aikina yana neman mai jita da zai kaɗa mana sabon amo irin na zamanin domin raba sassa, tun da ba za mu taɓa na asali ba. Naɗin murya zai fara a watan Yuni, da kashi na uku, domin shi ne ya fi buƙatar a gwada karanta shi da ƙarfi kafin a san ko ya zauna.